Yaro Mai Suna Biyu, Babu Mai Kiran Ko Ɗaya

Shekarun baya, lokacin da na sauka Lyon karatu, ban san kowa ba sai wani abokina ɗan Tawa da ya riga ni zuwa. Ɗakunan ɗalibai sun cika, shi ne ya yi ta buga-buga har ya samo mini ɗaki a Villeurbanne, nan gefen Lyon, a gidan wani tsoho Bafaranshe, direban bas da ya ajiye aiki. Matarsa ta rasu, yana zaune shi kaɗai da rediyonsa da tukwanen furanni a bakin taga. Sunansa Bernard. Zan riƙa rubuta sunan ne don labarin ba ya yiwuwa sai da shi, amma ku sani sai da na ɗan yi jim kafin in rubuta. Za ku gane dalili a gaba.

Tun makon farko sunan nan ya fara ɗaure mini kai. A wurinmu, abin da ke bin sunanka sunan mahaifinka ne, ba wani dogon bayani. To ina fita sai in ga an rubuta Bernard bayan sunan mai kantin magani ta bakin layinmu. In ƙara gaba, ga shi a allon wani likitan haƙori. Har a akwatin wasiƙu na gidan da ke kallon namu na gan shi. Na ce a raina lallai tsohon nan ya haihu, Allah ya yi wa ƴaƴan albarka sun zama manya, amma dubi yadda suka watsar da shi yana cin miya ta gwangwani shi kaɗai. Raina ya ɓaci ƙwarai, kamar ni aka yi wa.

Ranar da na je sayen maganin mura, na kasa haƙuri. Na tattaro ɗan Faransancina na lakwal, wato makarantar boko, na ce wa mai kantin, “Madam, mahaifinki yana gaishe ki. Da za ki ɗan riƙa leƙo shi, da ya ji daɗi.” Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce mahaifinta ya daɗe da rasuwa. Na fito ina salati, ina tunanin ko dai a gidan fatalwa nake haya.

Da na ba tsohon labari, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce sunan nan ya cika ƙasar, wasu nasu ne na kansu, wasu kuma na dangi ne da suka gada, kuma babu abin da ya haɗa su. Sai dariyar ta tsaya, ya shiga gyara tukunyar furen da ba ta karkace ba. Ya ce, “Ni ba ni da ɗa ko ɗaya. Mun so, bai zo ba.”

A sanyin shekarata ta biyu wani ciwon ciki ya kayar da ni, aka ce sai an yi fiɗa. Tsohon nan ne ya kai ni asibiti. Ina kwance ina ji aka tambaye shi ko shi wane ne a wurina, ya ce, “Ɗana ne,” bai ko yi murmushi ba. Ma'aikaciyar ta kalle shi, ta kalle ni baƙi wuluk, ta rubuta abinta. Da aka sallame ni na tarar ya sayi sabuwar tukunya ya ware mini, ya ce wannan naman alade bai taɓa ganinta ba, kuma ba zai gan ta ba. Tun daga ranar bakina ya daina iya faɗin sunansa. Na koma ce masa Papa, kamar yadda ba zan taɓa kiran mahaifina da sunansa ba. Ina shan romon da ya dafa mini ne na ce masa idan Allah ya ba ni ɗa namiji, sunansa zan sa masa. Ya ce in sha romo in bar surutu.

Alkawari kaya ne, kuma yaro ba ya jin nauyinsa lokacin da yake ɗauka.

Na gama karatu, na sami aiki a Paris, na je gida Maraɗi na yi aure, matata ta biyo ni muka zauna a Paris kusa da unguwar La Goutte d'Or. Ta san zancen alkawarin tun kafin a ɗaura, kuma da ta ga Papa sau ɗaya ta ɗauke shi suruki sosai, har durƙusawa take yi ta gaishe shi, shi kuma ya rasa inda zai sa kansa. Da ta haihu, namiji, ina cikin murna aka ce mini a asibiti in je ofishin magajin gari in rubuta sunan yaro cikin kwana uku, haka dokar take a lokacin. Na ce ai ba a raɗa suna ba tukuna, sai ranar bakwai. Suka ce su ba su san wannan ba.

Na ruga shagon buga waya na wani Alhaji ɗan Kano da muke hulɗa da shi, na kira mahaifiyata. Bayan guɗa da addu'a ta ce ai magana ta ƙare, sunan marigayi mahaifina za a mayar. Na yi ta kame-kame, sannan na faɗa mata alkawarin. Ta san labarin Papa, ta sha aika masa da kilishi da gaisuwa, don haka ba ta yi faɗa ba. Tambaya ɗaya ta yi.

“To, shi sunan mi yake nuhi?”

Shekara da shekaru ina zaune da mutum, ban taɓa tambaya ba. Na ce, “Inna, suna ne dai.”

“Babu sunan da ke suna dai. Ka tahi ka tambayo, ba ni sa ma jikana abin da ban sani ba.”

Na kira abokina ɗan Tawa. Shi tarihin harsuna ya karanta, ya zauna a Rillieux-la-Pape kusa da Lyon yana koyarwa, kuma irin mutanen nan ne da in ka tambaye su ƙarfe nawa sai sun ba ka tarihin agogo. Ya ce da farko dai sunan ba ma na Faransanci ba ne. Asalinsa daga harshen tsoffin ƙabilun Jamus ne, irin waɗanda suka gangaro suka ci ƙasar har ta ɗauki sunan ɗaya daga cikinsu. Su mutanen, kalma biyu suke haɗawa su yi wa yaro suna, kamar kirari. Ta biyun tana nufin ƙarfi ko jarumta. Ta farkon kuwa wata dabbar daji ce, wadda Faransawa ke kira urs. Daga baya wasu waliyyan Kirista suka yi suna da shi, sai ya bazu. Ya ce, “Kuma ka tuna wautar da ka yi a kantin magani? Ba ka yi nisa da gaskiya ba. Su ma da can haka sunka yi kamar mu, wane ɗan wane. Daga baya ne sunan wani kaka guda ya daskare, jikoki sunka yi ta gadonshi.”

Na ce, “Dakata. Kana nufin Papa Bajamushe ne?”

“A'a, sunan ne Bajamushe.”

“Kuma na Kirista ne?”

“Ya girmi Kiristancinsu. Amma sun yi amfani da shi.”

Na ajiye waya kaina ya fi da ɗaurewa. Alhajin mai shago, wanda ashe duk yana saurare, ya ce, “Ai beyar ake ce mata, na gan ta a gidan zu. Kuma in ban manta ba akwai wani ƙaton kare na turawa mai irin wannan sunan.” Na ce, “Alhaji, don girman Allah wannan ta tsaya a shagon nan.”

Na sake kiran mahaifiyata. Duk wanda bai taɓa ƙoƙarin kwatanta wa tsohuwar Maraɗi dabbar da shi ma a talabijin kawai ya taɓa gani ba, bai san wahala ba.

“Kura ce?”

“A'a, ta fi kura girma.”

“Zaki?”

“Ba zaki ba. Tana da gashi buzu-buzu, tana iya tsayuwa da ƙafa biyu.”

“Goggon biri ke nan.”

“A'a Inna. Tana son zuma, kuma in sanyi ya zo sai ta shige rami ta yi ta barci har ya wuce.”

Sai ta ce, “Wannan ai kai ne.”

Daga nan na nufi masallaci wurin malaminmu, mutumin Damagaram. Ya saurare ni da kyau, ya ce idan ma'anar ƙarfi ce da jarumta, bai ga shirka a ciki ba, Larabawa ma sun sa wa ƴaƴansu sunayen zaki. Amma ya ce in haɗa wa yaron da sunan Musulunci, shi za a raɗa masa ranar suna. Haka muka raba gardama. Takarda ta Papa, raɗa ta mahaifina. A ofishin magajin gari na sa Bernard a gaba, sunan mahaifina a baya. Ban faɗa da baki ba, a ƴar takarda na rubuta na miƙa. Ma'aikaciyar ofishin ta karanta, ta ɗago ta ce, “Kun tabbata? Sunan kakana ke nan. Rabon da in ga an sa wa jariri shi na manta.” Na ce na tabbata, alhali a ranar ko sunana aka tambaye ni sai na yi tunani.

Papa ya hawo jirgin ƙasa ya zo suna da kwat ɗinsa ta zuwa biki. Aka miƙa masa jaririn ya rungume. Malam ya yi huɗuba, ya faɗi sunan mahaifina, ya ƙara da cewa “da kuma sunan wannan dattijo da ke zaune,” aka shafa fatiha, aka ci rago.

To ga inda gizo ke saƙar, ni kuwa ban gani ba sam. Yaron yana da suna biyu, kuma duk biyun sun fi ƙarfin bakinmu. Ɗaya na mahaifina ne: ni ba na faɗa, matata ba ta faɗin sunan suruki, mahaifiyata ba ta faɗin sunan miji. Ɗayan na Papa ne, wanda shi ma uba ne a wurina, suruki a wurin matata. Sai aka yi abin da kowane gidan Bahaushe ke yi, aka sa masa laƙabi. Mahaifiyata ta ce Dattijo, ya bi shi. Mu a ganinmu mun gama girmama kowa.

Papa ya riƙa zuwa da kayan wasa, kowanne ya manna masa takarda ya rubuta sunan da manyan baƙaƙe. Wata rana ya tambaye ni me Dattijo ke nufi, na ce tsoho mai mutunci. Ya ce, “Tsoho,” ya gyaɗa kai. Daga nan zuwan ya fara ja baya. Yau ƙafa ke ciwo, gobe jirgi ya yi tsada. In na kira, gaisuwa biyu ya ce ana buga masa ƙofa. Na zauna na yi ta lissafin laifina ban samo ba. Na ce ko yajin girkin matata ne ya dame shi. Na ce ko abubuwan da ake faɗa a kanmu a talabijin ne suka fara shigarsa, sai kuma in ji kunyar zargin mutumin da ya saya mini tukunya. Matata ta ce ruwa ba ya tsami banza, in je in gan shi ido da ido, mutumin ya tsufa, kada a wayi gari ya tafi da abu a ransa.

Na same shi a Villeurbanne yana ba furanni ruwa. Ya dafa mini kofi, muka yi zancen sanyi da na jirgin tiram ɗin da ya canza unguwar. Can ya ajiye kofinsa ya ce, “Ka sani ba dole ba ne. Na tambaya, ana iya canza wa yaro suna idan iyaye sun nema. Ba zan ji haushi ba.”

Na ce, “Papa, wane suna?”

“Nawa. Yaron ya fara tafiya, ya fara magana. Na zo gidanku ban san iyaka ba, ban taɓa jin mutum ɗaya ya kira shi da shi ba. Ko malaminku bai faɗa ba. Na gane, sunan kafiri ne, tsohon yayi ne, ka yi alkawari kana cikin ciwo. Ka cika, na gode. Amma kada yaro ya tashi da abin da iyayensa ke jin kunyarsa.”

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan sanyi. Abin da muke yi don girmamawa, shi a wurinsa ƙyama ce, kuma shekara biyu yana haɗiye ta shi kaɗai. Na shiga bayani, na ce a wurinmu wanda ka fi ganin girmansa shi ne ba ka kiran sunansa, na ce ko sunan mahaifina ba ma faɗa. Ya ce, “A nan wanda ba ka so shi ne ba ka kiran sunansa. To faɗa in ji. Sau ɗaya.”

Na buɗe baki. Ina kallon farin gashinsa, harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Sai wata dariyar kunya ta kuɓuce mini, irin wadda yaro ke yi in an ce ya faɗi sunan babansa. Ya tashi ya kwashe kofuna. Garin gyaran gira na tsone ido.

Na hau bas zuwa Rillieux wurin abokina, na zube masa komai. Na zaci zai tausaya mini, sai na ga yana murmushi. Ya ce, “Ka san mi? Wancan karon ka katse ni ban ƙare ba. Masana da yawa na ganin kalmar nan ta farko ba ita ce ainihin sunan dabbar ba. Tsoffin mutanen suna jin nauyin dabbar ƙwarai, ba su son ambaton ta, sai sunka riƙa ce mata mai launin ƙasa. Sunka yi ta sakayawa har sunan na gaskiya ya ɓace musu, laƙabin ya zauna. Kamar dai yadda tsohuwarka ba ta cewa maciji, sai igiyar ƙasa.”

Na ce, “Kana nufin su ma suna da alkunya?”

“Sun yi, sun manta.”

Washegari na koma da wannan guzuri ina jin na samo makami. Papa ya saurara har ƙarshe. Ya ce, “Wato ni dabbar daji ce, tsorona kuke ji.” Amma na ga gefen bakinsa ya motsa. Sai ya ce, “Ka ji ƙarshen labarin naka kuwa? Sun yi ta girmama sunan har ya ɓace.” Na koma Paris ban san ko mun shirya ko ba mu shirya ba.

Matata ce ta warware, ba da gangan ba. Da lokacin sa yaro a ajin ƙananan yara ya zo, ta karɓi waya da kanta ta ce, “Baba, jikanka zai fara lakwal. A garinmu kaka ke raka yaro ranar farko.” Ban taɓa jin wannan al'ada a Maraɗi ba, amma ban tona ta ba. Ya zo da kwat ɗin nan.

Muka shiga aji, yara na ta kuka, iyaye na ta lallashi. Malamar tana bi tana gaishe da kowane yaro da sunansa. Ta iso kanmu ta duba takardarta, ta ce, “Bernard?”

Yaro ko gezau, yana can yana jan wata motar roba. Wanda ya amsa shi ne tsoho mai shekara kusan tamanin, ya miƙe tsaye ya ce, “Na'am, Madam.” Malamar ta kalle shi, ta kalli takarda, ta kalle mu. Ta sake kira, yaro bai waiwayo ba. Ashe ɗana bai san sunansa ba. Likita kan faɗa in an kai shi awo, amma shi yana ɗauka da wani ake. Na ji kunya ta rufe ni, na ce shi ke nan, maganar Papa ta tabbata a gaban jama'a.

Matata ta matsa kusa da shi, kanta a ƙasa, ta ce, “Baba, mu bakinmu ba ya iyawa. Duk gidan kai kaɗai ne ke da ikon faɗinsa. Ajiye maka muka yi.”

Ya kalle ta. Sannan ya dafa ƙaramin tebur, ya durƙusa da ƙyar a kan gwiwar da ke masa ciwo, ya juyo da yaron. Ya nuna ƙirjinsa ya faɗi sunan. Ya nuna ƙirjin yaron ya sake faɗa. Yaro ya ce, “A'a, Dattijo.” Papa ya ce, “Ni ma dattijo ne. Mu biyu ne.” Suka yi ta yi, har yaron ya kwaikwaya a karkace, rabin sunan ya maƙale masa a hanci. Sai da ni da malamar muka kama Papa kafin ya iya tashi, kuma ya ce ƙurar aji ce ta shiga masa ido.

Bayan nan kowace Lahadi sai ya kira waya, ba don ni ba. Yana jin muryata zai ce in ba shi takwaransa, kalmar Hausa ɗaya da ya yarda ya koya.

Har yau in na tuna sai in rasa wa ya fi gaskiya. Mu mun ɗauka kowa ya san shiru girmamawa ne, shi ya ɗauka kowa ya san shiru ƙi ne, kuma dukanmu saboda ƙauna muka yi ta cutar juna ba wanda ya tambayi wani. Abin da na koya dai shi ne, ladabin da mai shi bai gane ba yana iya yi masa ciwo kamar zagi. Amma kada ku ɗauka na gyaru. Har gobe Dattijo nake ce wa yaron, in makaranta ta kira ta faɗi sunan sai na ɗan yi jim kafin in ce eh, ɗana ne.

Papa ya rasu bayan ƴan shekaru, lokacin yaron ya fara haɗa baƙi. Da muka je Lyon daga baya, muka biya maƙabartar da aka sa shi. Ni da matata muka tsaya gaban dutsen kabarin, ga sunan an sassaƙa, babu mai iya karantawa a cikinmu duk da karatunmu. Yaron ya matsa ya sa yatsa yana bin haruffan ɗaya bayan ɗaya. Ya waiwayo ya ce, “Abba, nawa ne.” Na ce, “Naku ne. Karanta mana.”

Ya karanta da ƙarfi, sau biyu, mu kuwa kanmu a sunkuye.